Silin Gashin Inna

Azumin bana ya sake faɗowa cikin bazara, irin wadda kafin hantsi ya ɗaga za ka ji tabarma ta ɗumame a ƙarƙashinka. Ina zaune gindin dogon yaro ina tsintar shinkafa sai ga jikana Nura ya dawo hutu daga makarantar fasaha. Ko jaka bai ajiye ba ya tsuguna gabana ya buɗe tafin hannu. Wani ɗan abu ne shuɗi mai huji-huji, bai kai dunƙulen magi ba, da 'yan ƙafafu na ƙarfe.

"Hajiya, kin san mi ne wanga?"

"In na ci ne, aje shi sai an sha ruwa."

"Zahi shika aunawa, da laimar iska. Duk abin da yaj ji sai ya aiko min cikin waya."

Ya jona masa wayoyi, ya nuna mini lambobi suna motsi, ya zuba mini ido yana jira in riƙe baki. Na ce masa, "Angona, ka makara. Kakanka ya riga ka tun uwarka tana goye." Dariya ya yi, ya ɗauka zolaya ce irin ta kaka da jika. Ni kuwa tuni hankalina ya koma wani azumin, mai zafi irin wannan.

Shi ne azumi na farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Gari duk maganar sabuwar jiha ake, wane zai samu aiki a Birnin Kebbi, wane an mayar da shi can. A gidanmu da ke bayan Yelwa kuwa magana ɗaya ce, albasa. Mu huɗu ne a gidan: ni, da 'yata Sadiya a baya, da maigidana, da mahaifiyarsa Inna. Sunan maigida ba zai fito daga bakina ba, amma duk kasuwar Yelwa Garba Mai Rediyo ake ce masa, ni kuma Malam. Rumfarsa tana bakin kasuwa. Mutum ne da in ya ga waya a ƙasa sai ya duƙa ya ɗauka, ko da a hanyar masallaci ne.

Muna da gona a bakin ruwa, inda tafkin dam ke janyewa da rani ya bar baƙar ƙasa mai laushi. Mahaifin Malam ya same ta ne bayan ruwan dam ya shanye tsohon ƙauyensu, kuma ita kaɗai ya bari da ya rasu. Albasa muke zubawa. In an cire ba a sayarwa nan take, don lokacin kowa ma ya cire, kyauta ce kawai ba a bayarwa. Sai a zuba ta a rudu, wato gado na itace da kara da ake ɗagawa daga ƙasa, a kewaye da zana, a yi masa jinka, a jira damina ta yi nisa ta yi daraja. Abincin shekara ke nan.

A shekarar da ta gabaci wannan azumin rudun ya ci amanarmu. Daga waje albasa jawur, sai sheƙi take. Ashe daga ciki ta fara, ta yi zafi ta narke, ba mu sani ba sai da wari ya fito har zaure. Da shebur aka kwashe ta aka kai juji. Daminar nan mun ji jiki. Tuwo sau ɗaya a yini, miyar kuka tsurarta, ga mu a bakin ruwa amma kifi sai dai mu ji ƙamshinsa daga maƙwabta. Yaya Bawa, wan Malam, ya zo daga Kontagora ya zauna a zaure ya ce in aka sake irin wannan, sayar da gonar za a yi a raba, kowa ya kama gabansa. Inna tana jin sa daga tsakar gida. Sai bayan ya tafi ta ce, "Ruwa ya ci muna ƙasa sau guda. Yanzu ɗiyana za su ci ta biyu." Ranar ba ta taɓa tuwo ba.

To, da wannan a zuciya muka shiga cirar albasa, ga azumi a baki. Gayya aka yi. Da an sallame asuba maza su shiga kwale-kwale, mu mata mu bi su da wuƙaƙe. Su suna cira, mu muna yanke lawashi muna tarawa. Kafin azahar leɓe ya tsage, yawu ya ƙafe, ga yajin albasa a ido, ga ruwa shimfiɗe a gabanka iya ganinka ba damar kurɓa. Ƙasa ta yi zafin da sai ka tsaya kan buhu. Ladi maƙwabciyarmu, Bagungiya ce daga tsibiran kogi, matar masunci, ba ta azumi, amma ko sau ɗaya ba ta sha ruwa a gabanmu ba, sai ta zagaya bayan bukka. In rana ta yi sanyi a loda kwale-kwale har ya kusa shan ruwa, jakuna su karɓa daga bakin gaɓa zuwa gida. Muka shanya ta a inuwa wuyanta ya bushe, muka cika rudu har baki. Albasar bana ta fi ta bara kyau, abin da ya ƙara mana tsoro ke nan.

A nan ne Malam ya fara abin da na ɗauka taɓin azumi ne. Ya dawo daga rumfa da wani ɗan abu baƙi kamar ƙwayar wake, mai ƙafa biyu siririya, ya ce daga cikin matacciyar talabijin ya ciro shi. Wai tamista sunansa. Ni dai ɗan wake na sa masa, kuma sunan ya bi shi. Ya ce in ya ji zafi sai ya bar wuta ta wuce da yawa, in ya ji sanyi ya matse. Ya haɗa shi da batir da wata 'yar allura mai rawa da ya ɓalle daga tsohuwar rediyo mai kaset, ya ɗaure ɗan waken a bakin doguwar gora, waya ta bi ta ciki.

"In albasa za ta ruɓe, zazzaɓi taka hwara yi," in ji shi. "Wanga shi za ya ji muna zazzaɓin tun ba ta yi wari ba."

Sai dai allura ba ta san sanyi da zafi ba sai an koya mata. A shekarun nan ƙanƙara a Yelwa ba ƙaramin abu ba ce, gidaje ƙalilan ke da firji, wuta kuma ta zo ta tafi yadda ta ga dama. Wata la'asar Malam ya shigo da ƙanƙara naɗe cikin buhu da dusa. Raina ya yi fari tas. Na dama kunun tsamiya, na jiƙa fura, ina ta lissafin yadda maƙogwarona zai ji. Bawan Allah sai ya farfasa ta a kwano, ya tsoma ɗan wake, ya tsuguna yana kallon allura. Ana kiran magariba yana cewa a dakata ta tsaya. Kafin ta tsaya ƙanƙara ta zama ruwa, ruwan ma da ƙasa-ƙasa da ɗanɗanon dalma. Na sha furata da ɗumi, ban yi masa magana ba har aka dawo asham.

Shi ko a jikinsa. Ya yi ɗigo da jan fenti inda allura ta tsaya, ya sa ɗan wake a hammatarsa ya yi wani ɗigon. Ya sa a tawa, ya sa a ta Sadiya tana ƙyalƙyala dariya. Da na ga allurar nan ta tashi da kanta don kawai ɗumin jikina, fushi ya tafi. Na karɓa na hura masa numfashi, ta motsa. Na sa a randa, ta kwanta. Na kai kusa da murhu, ta miƙe. Wallahi kamar yarinya na koma, har tuwona ya kama. Tun daga ranar, safe da yamma sai mun zagaya rudu muna soka gora ta kowane gefe, shi yana sokawa ni ina karanta allura.

Zafi rabin ciwon ne, in ji Malam. Ɗaya rabin laima ce, danshin da iska ke ɗaukowa in damina ta matso. Wani malamin kimiyya mutumin Zuru, Malam Yohanna, da ya kawo gyaran rediyo, shi ya gaya masa cewa gashin mutum yana miƙewa in iska ta yi laima, ya tsuke in ta bushe. In aka samu sili mai tsawo aka ɗaure shi da tsinke, tsinken zai nuna. Malam ya kwana biyu yana ƙera akwatin katako mai buɗaɗɗen gefe, da ɗan gargaren da ke juya allurar tasha a rediyo, da tsinken tsintsiya, da 'yar dalmar taru don nauyi. Ya sa wa tsinken siririyar waya, yadda in ya kai wani ƙusa zai taɓa, ƙararrawar tsohon agogo ta ɗauka. Komai ya kammala, saura gashi.

Nawa aka fara gwadawa. Gashina dai Allah ya ba shi cika, bai ba shi tsawo ba, ana ja sai ya nannaɗe ya tsinke. Ya je wurin mahauta ya samo na wutsiyar saniya, ya yi kauri, tsinke ya ƙi motsi. Mijin Ladi ya ba shi zaren kamun kifi, shi kuwa ko a ruwa ka jiƙa shi babu ruwansa. Malam ya zauna ya yi tagumi. Can ya ɗago ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ni kuma na gane inda ya dosa.

Mahaifiyar Inna Bafulatana ce daga wajen Shanga, kuma Inna ta gado gashinta. In an tsefe yana sauka har tsakiyar baya, fari da baƙi a cakuɗe. Ban da mai kitsonta ba mai ganin sa. Kuma kowa ya san yadda mata ke yi da gashin da ya kaɓe a matsefi: a dunƙule shi, a tofa masa addu'a, a cusa a tsagar bango ko a binne, don kada ya faɗa hannun mai mugun nufi. Inna ta fi kowa kiyaye wannan. Ko silin da ya faɗi a tabarma sai ta bi ta tsince.

"Ke za ki tambayo min," in ji Malam. "Ku mata kun hi sanin bakin juna."

"Malam, ka san abin da kaka hwaɗi kuwa?"

"Sili guda ne hwa. Ni kunya nika ji."

Mutumin da ya san hanyar kowace waya a cikin rediyo, bai san cewa duk duniya ba wanda bai kamata ya roƙi gashin uwar miji ba kamar matar ɗa. Ni ma da ƙuruciya da zumuɗin ganin tsinke ya motsa, sai na tashi. Na same ta tana jan carbi, na durƙusa na gaishe ta, na ce Malam ne ya aiko ni, wai ta taimaka da silin gashinta guda.

Carbin ya tsaya. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Shi yac ce, ko ke kic ce ya ce?"

"Shi ne, Inna. Na aikin albasa ne."

"Albasa." Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ƙara tamke shi. "Na shekara nawa ina aje albasa, ban taɓa jin ta nemi gashin mutum ba. Tashi ki ba ni wuri, Kulu. Ki gaya ma wanda yat turo ki, ko malami ne ko boka, kaina ya hi ƙarhinai."

Na tashi na fito. Daren nan na kai mata kunu da ƙosai, da safe na tarar da su yadda na ajiye. Ta koma dafa nata a ɗan murhu a ƙofar ɗakinta, tsohuwa da azumi a baki. Malam ya je ya yi bayani, ya rantse, ya kawo akwatin ya nuna mata. Ta ce ai dama in an gama da mutum, shi ke fara rantsuwa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na goman ƙarshen nan ba. Matar da ta yi mini wankan jego da hannunta, yau tana kauda ƙoƙonta in na wuce. Aka yi salla haka nan, na yi tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ce ta ƙoshi.

Bayan salla zafi ya ƙara tsananta. Dare ba barci, rana ba sukuni, ruwan randa kansa kamar an ɗora a wuta. Wata safiya muna zagayen rudu, Malam ya soka gora ta kusurwar gabas, sai na ga allura ta wuce inda ta saba tsayawa, ta haura jan ɗigon hammata.

"Malam, zare ka sake."

Ya zare ya soka a wani gefen, ta sauko. Ya mayar kusurwar, ta haura. Muka dubi juna. Ya yaye zana muka shiga kwasa da hannu, albasa lafiyayya ƙalau, har na fara cewa ɗan wake ya yi ƙarya. Sai da muka yi zurfin kamu biyu hannuna ya faɗa cikin abu mai ɗumi da laushi. Wuri guda ne, bai fi cikin ƙwarya ba, sun fara narkewa suna shafa wa na kusa. Na yi ta fiddawa ina dariya, hannuna duk ruwan ruɓa, ina cewa mun kama shi, mun kama ɓarawon.

Ban san Inna tana bayanmu ba. Ta sunkuya ta ɗauki ruɓaɓɓiya guda ta shinshina, ta dubi sauran rudun da ke nan lafiya, ta dubi gorar.

"Wanga abu shi yaj ji ta daga ciki?"

"Shi ne, Inna."

"Bara da akwai shi, da ba mu yi kwanan yunwa ba." Ta jefar da albasar ta koma ɗaki.

Da la'asar ta kira sunana, karo na farko tun ranar nan. Na shiga na same ta zaune kan tabarma, kallabi a cinya, matsefi a hannu. Ta miƙo mini shi ba tare da ta dube ni ba.

"Zo ki tsehe min. Ki zaɓi wanda yah hi tsawo."

Na kwance kitson nan ɗaya bayan ɗaya. Ƙamshin man shanu da turaren wuta, gashi yana zubowa a cinyata. Hawaye suka cika mini ido, na yi ta haɗiyewa don kada su ɗiga a kanta. Na zaɓo wani fari sol. Ta ce sharaɗinta biyu: ita za ta ɗaura shi da hannunta, kuma akwatin a rataye shi inda za ta riƙa ganin sa daga ƙofarta. Daren nan ta aiko Sadiya da ƙoƙo, wai a zubo mata miya.

Malam ya wanke silin da ruwan toka don mai ya fita, ya bushe. Inna ta yi bisimilla ta ɗaura shi a ƙusa, ya zagaya da shi kan gargare, ya rataya dalma. Ya jiƙa tsumma ya lulluɓe akwatin. Muka tsuguna mu uku muna jira. Sai ga ƙararrawa ta ɗauka. Inna ta ja da baya tana salati, ni na yi guɗa ban san na yi ba. Ya yaye tsumma, tsinke ya tafi can gefe. Muna kallo iska ta busar da shi, ya dawo a hankali. Inna ta ce a sake. Sau nawa aka sake ban ƙirga ba, har Ladi ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Akwatin ya ba mu wahala kafin mu san halinsa. In na shanya wanki kusa da shi sai ya yi ƙara. In tururin tukunya ya bi ta wajen, ya yi ƙara. Rannan Sadiya ta watsa masa ruwa da ludayi, muka fito a guje. Maƙwabta suka sa masa suna agogon Inna, suna tsokanarta wai gashinta ya fi ta surutu. Ita kuwa kullum da safe kafin ta karya sai ta je ta tsaya gabansa, hannu a baya, kamar mai duba jariri.

Da watan ya yi nisa Malam ya ce lokacin juyi ya yi. A fitar da albasa duka a baje ta sha iska, a tsince masu tabo, a sauke tsohuwar jinka a ɗora sabuwa kafin ruwa. Sama fes take, ba alamar komai, tsofaffin unguwa ma sun ce da saura. Muka baje ta a tsakar gida da bayan gida, ko'ina ja, sai ɗan siririn wurin taka ƙafa. Aka sauke jinka, mai ɗaurin sabuwa ya ce sai jibi. Washegari ranar kasuwa ce, Malam ya hau keke ya tafi rumfa.

Ana gab da azahar ina daka sai na ji ƙararrawa. Na duba igiya, ba wanki. Murhu a kashe. Sadiya tana barci a bayana. Na je gaban akwati, tsinke ya kwanta a kan ƙusa ya ƙi tashi. Na ɗaga kai, rana tsaka, sama fari fat, ko gajimare babu. Sai dai zufar da ke jikina ta ƙi bushewa, abin da ban lura da shi ba sai lokacin.

Inna ta fito ta tsaya kusa da ni.

"Wa yaj jiƙa shi?"

"Ba kowa, Inna."

"To kwashe za mu yi."

"Mu kai ina? Rudu ba jinka. Kuma in Malam ya dawo ya ga mun tattara ba ruwa..."

"Gashina ne. Ni na san ba ya ƙarya. Buɗe ɗakuna."

Ta tafi bakin katanga ta ƙwala wa Ladi kira, ta aika a kira matan gidan liman da 'yan matan maƙera. Suka shigo suna kare ido da hannu suna duban sama. Wata ta ce, "Inna, ina hadarin?" Inna ta ce, "Shina hanya. Ɗauki kwando." Kwando, tasa, ƙwarya, daro, wasu a zani suke ɗaurewa su saɓa. Muka cika zaure, muka cika ɗakina har ƙarƙashin gado, muka cika madafa. Ga sauran rabi a waje. Na tsaya ina haki ina duban ɗakin Inna, wanda ko ɗanta ba ya wuce bakin ƙofarsa. Ita da kanta ta yaye labule.

"Ku zuba har bisa gado. Ku kauda min tasoshina kawai."

Ana cikin haka iska ta tsaya cak, kaji suka shige ƙarƙashin rudu. Ladi ta ajiye daro ta nuna gabas. Wani baƙi ya taso daga can ƙasa, yana hawa kamar ana tura shi. Daga nan ba wanda ya sake tafiya, gudu ne. 'Yan mata suna dariya suna tuntuɓe, albasa tana gangarowa muna bi, Sadiya ta farka tana tsala kuka a bayana, ƙararrawa kuma ba ta fasa ba don ba mai sararin cire batir. Iska ta iso da sanyi da ƙamshin ƙasa, ta ɗauki zana guda ta haura katanga da ita. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya ina ɗauke da tasa ta ƙarshe. Ina sa ƙafa a ɗakin Inna ruwa ya ɓarke.

Muka cunkushe a bakin ƙofa, mata wajen goma a kan albasa, muna kallon tsakar gida ta zama tafki. Zuciyata kamar ta fito don murna. Can sai ga Malam ya faɗo gida a ƙafa, ashe sarƙar keke ta zube a hanya ya yar da shi. Jiƙe sharkaf, hula babu. Ya tsaya tsakiyar ruwa yana juyawa, yana duban inda ya bar albasa, ba ko ɗaya.

Inna ta leƙa ta ce, "Garba, in za ka shigo ka tsane tukuna. Kada ka jiƙa min albasa."

Ya zo ya leƙa ɗakin, ya ga ja har saman gado. Ya zauna a dokin ƙofa cikin ruwan, yana dariya yana share fuska, ba ka sanin wanne ne ruwan sama. Daren nan a kan buhu muka kwana tsakanin albasa, ido yana yaji, kuma ban taɓa barci mai daɗinsa ba.

Albasar nan ta kai mu har tsakiyar damina lafiya, aka loda ta a mota zuwa kudu. Da Yaya Bawa ya zo, Inna ba ta yi masa maganar gona ba. Ta sa na yi masa tuwo da miya mai kifi har ya rufe miyar, ta kai shi gaban akwati ta ce ya gaida ƙanensa. Gonar tana nan har yau, ƙannen Sadiya ke nomanta, da injin ban ruwa maimakon jigo.

Inna ta yi shekaru bayan haka. A ciwonta na ƙarshe wata 'yar'uwarta ta ce ya kamata a kwance silin nan, in ta cika a binne shi tare da ita. Inna ta buɗe ido ta ce, "Ku bar shi nan. Ni na gaji, shi bai gaji ba." Aka bar shi. Ɗan wake ya daɗe da mutuwa, ƙararrawa ta yi tsatsa, an sauya tsinken tsintsiya ban san sau nawa ba. Silin kuwa shi ne dai, a rataye a inuwar baranda, Malam yana goge masa ƙura da gashin kaza.

Duk wannan na ba Nura labari muna jiran magariba, ya je ya tsaya gaban akwatin ya daɗe. Ya ɗauko ɗan shuɗin abinsa ya rataya a gefe, wai zai ga wanda ya fi gaskiya. Tun ranar kullum sai ya duba waya ya duba tsinke.

Shekaranjiya da hantsi na baza barkono da kuɓewa a tsakar gida, sama fari fat. Nura ya fito da waya a hannu yana cewa lambar laima tana ta hawa tun ɗazu. Malam yana kishingiɗe a baranda. Idonsa ya yi rauni yanzu, ko dalma ba ya iya ɗigawa, balle ya ga tsinke. Bai juya wajen wayar ba, ni ya kira.

"Kulu, diba min. Mi Inna tac ce?"

Na tashi na je gaban akwatin. Tsinke ya kwanta a kan ƙusa.

"Ta ce a kwashe shanya."